Tarihin Yadda Aka Yi Nazarin Rayuwar 'Yan Daudu

Duk wanda ya san tasha da kasuwa a ƙasar Hausa ya san 'yan daudu, masu sayar da tuwo da soyayyen kaza. To amma ta yaya za a san abin da ke cin zuciyar mutumin da kullum ake yi masa dariya ko zagi? Takardar tambayoyi ta "e ko a'a" ba za ta yi ba. Zai cike ta da abin da kake son ji, ya rabu da kai lafiya.

Shi ya sa masana suka bi hanyar zama da saurare. A shekarun 1970, Renée Pittin ta zauna a Katsina tana shiga gidajen mata masu zaman kansu, inda 'yan daudu ke hada-hada. A 1983 Fremont Besmer ya fitar da littafinsa kan bori a Kano, su ma suna ciki.

Wanda ya fi zurfafawa shi ne Rudolf Gaudio, ɗan Amurka. A shekarun 1990 ya zauna a Kano, ya koyi Hausa har da habaici da "yaren harka" da suke ɓoye zance da shi. Ya ɗauki hirarsu a kaset, ya sauya musu suna a rubutu don kada a gane su. Littafin ya fito a 2009. Ya nuna cewa ma'aunin Turawa bai dace da su ba: da yawansu maza suke ɗaukar kansu, suna aure, suna haihuwa, suna salla, ga kuma fargaba da tsangwama.

Bayan Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, da dokar tarayya ta 2014 mai ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, riƙon sirri ya zama batun tsira. Suna ɗaya ya fita, an kai mutum ga halaka.

Mu Hausawan Kafanchan mun san wannan. Tun rikicin Maris 1987 baƙi ke zuwa da biro da takarda suna yi mana tambayoyi, amma wanda ya zauna da mu ya riƙe amana kaɗai ke jin gaskiyar ciwonmu. Ko kana ƙyamar ɗabi'ar mutum, ba za ka san damuwarsa ba sai ka bar shi ya faɗa da bakinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah Ya sa mu dace.