Zaɓen Hanyar Intanet Marar Waya Domin Kasuwanci a Cikin Birnin Zariya

Gabatarwa

A watan Agusta na shekarar 2001 aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya, bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisi a watan Janairu na wannan shekara. Daga wancan lokaci zuwa yau, harkar ta wuce kira da aika saƙo. Mai na'urar POS a Babban Dodo, da mai shagon buga takardu a Ƙofar Doka, da maɗinkin babbar riga da ke aika wa abokin cinikinsa hoton aska takwas ta WhatsApp, dukkansu cinikinsu ya rataya ga intanet. An ga haka ƙarara a farkon shekarar 2023, lokacin da aka yi ƙarancin takardun naira, jama'a suka koma biyan kuɗi ta waya. Duk wanda sabis ya ƙi masa a lokacin, ciniki ya wuce shi yana kallo.

Wannan bayani an tsara shi ne domin 'yan kasuwar da ke cikin ganuwar Zazzau, da mutanen ƙauyukan da ke kewaye, da kuma jami'an ƙananan hukumomi da jama'a ke neman shawararsu. Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne, ginin da ake ciki da wutar da ake da ita da irin sana'ar da ake yi, su ne ke nuna hanyar da ta dace. Sunan kamfani da tallar da yake yi suna zuwa ne daga baya.

Abubuwa biyu da ake yawan haɗawa

Sau da yawa ana cewa “Wi-Fi” ana nufin intanet baki ɗaya, alhali aiki biyu ne daban. Na farko shi ne hanyar da intanet ke shigowa shago daga waje, ko daga turken sadarwa da jama'a ke kira ƙarfen sabis, ko daga eriyar wani kamfani, ko daga tauraron ɗan Adam. Na biyu shi ne yadda ake rarraba ta a cikin gini ga wayoyi da kwamfutoci, kuma wannan ne aikin Wi-Fi. Na'urar da ke yin rabon ita ake kira rauta. Mutum zai iya ganin alamar Wi-Fi ta cika a wayarsa amma shafi ya ƙi buɗewa, domin abin da ke shigowa daga waje ne ya yi rauni. Haka kuma sabis zai iya yin ƙarfi a ƙofar gida amma ya kasa kai wa ɗakin ciki. Sanin inda matsala take yana hana sayen kayan da ba su ne magani ba.

Yanayin ginin cikin birni

Cikin birni ya bambanta da Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru ta fuskar gini. A tsofaffin unguwanni kamar Kwarbai da Kaura da Juma da Limancin Kona akwai gidajen ƙasa masu katanga mai kauri, da soraye da aka rufe da azara, da lunguna masu ƙunci. Gida ɗaya kan fara da zaure, sai shigifa, sai tsakar gida, sannan ɗakuna, kowanne da katangarsa. Igiyar rediyon da ke ɗauke da sabis tana raguwa duk lokacin da ta ratsa katanga, kuma katangar ƙasa ta fi shanye ta a damina idan ta sha ruwa. Rufin kwano da ƙofar ƙarfe kuwa mayar da ita baya suke yi. Saboda haka shagon da aka yi da kwantena ko aka kewaye da kwano yakan rasa sabis a ciki ko da turke yana kusa.

Akwai ƙa'ida guda da ke da amfani a nan: gwargwadon yadda zangon igiyar rediyo ya yi ƙasa, gwargwadon yadda take ratsa gini da yin nisa, zangon da ya yi sama yana ɗaukar bayanai da yawa, amma katanga na saurin tare shi.

Hanyoyin shigowar intanet

1. Layin waya na 4G. Wannan ce hanya mafi sauƙi. Ana sa layin MTN ko Airtel ko Glo ko T2, wanda a da ake kira 9mobile kafin sauya suna a 2025, a cikin ƙaramar na'urar aljihu mai batir ko a cikin rauta ta tebur. Na'urar aljihu ta wadatar da mutum ɗaya ko biyu, amma batirinta kan kumbura idan kullum tana jone da wuta a cikin zafin bazara. Rauta ta tebur ta fi ƙarko, kuma wasu suna da wurin ɗaura eriyar waje, wadda ake kafawa a saman gini a fuskantar da ita ga turke. Illar wannan hanya ita ce, duk masu amfani da turke ɗaya suna raba ƙarfinsa ne, don haka gudun kan ragu da yamma da ranakun taro, kamar lokacin hawan Sallah a ƙofar fada.

2. Layin 5G. An yi gwanjon lasisinsa a watan Disamba na 2021, inda MTN da Mafab suka yi nasara. MTN ya fara aiki da shi a 2022 a birane bakwai, ciki har da Kano da Maiduguri da Abuja, Airtel kuma ya fara a 2023. Yana da gudu sosai, sai dai zangon da aka sayar domin sa, wato gigahaz 3.5, ba ya ratsa katanga mai kauri kamar ƙananan zangunan 4G. Kada a sayi na'urar 5G sai an gwada ta a cikin shagon an ga ta kama.

3. Eriyar kamfanin intanet. Wasu kamfanoni kan kafa ƙaramar eriya a kan sanda a saman ginin abokin ciniki, tana kallon tasu da ke kan hasumiya. Sharaɗinta shi ne eriyoyin biyu su ga juna ba tare da bene ko bishiya ta shiga tsakani ba. Rimi ko darbejiya ɗaya ta isa ta lalata aikin. Amfaninta shi ne ana iya ƙulla yarjejeniya a rubuce a kan gudun da za a samu da lokacin gyara idan ta lalace. Ta dace da makaranta da asibiti da ofis.

4. Tauraron ɗan Adam. Tsohon tsarin VSAT da bankuna da manyan shagunan intanet suka yi amfani da shi a shekarun 2000 yana magana ne da tauraron da ke nisan kimanin kilomita 36,000, shi ya sa yake da jinkiri. Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, taurarinsa suna kimanin kilomita 550 ne daga ƙasa, don haka jinkirin kaɗan ne. Ba ya buƙatar turke, abin da ya sa ya dace da ƙauyen da sabis bai kai ba. Amma kayansa na da tsada, ana biyan kuɗin wata, farantinsa na bukatar sararin sama a buɗe, kuma ruwan sama mai ƙarfi kan katse shi na ɗan lokaci.

Ya kamata a ambaci igiyar faiba duk da cewa waya ce ake jawowa. A shekarar 2020 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yafe wa kamfanoni kuɗin izinin binne ta a gefen hanya. Inda ta bi ta kusa da shago, ta fi sauran hanyoyin tabbas, don haka a fara tambaya a kanta.

Rarrabawa a cikin gini

Yawancin rautoci suna aiki a zango biyu, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na farko ya fi ratsa katanga, na biyu ya fi gudu idan ana ɗaki ɗaya da na'urar. A ajiye rauta a wuri mai tudu, kusa da taga ko ƙofa, nesa da firji da akwatin ƙarfe. Idan shago yana zaure ofis kuma yana cikin gida, abin da ya fi shi ne a jawo wayar netwok daga rauta zuwa wata na'urar Wi-Fi ta biyu a can ciki. Irin wannan waya tana aiki har tsawon mita 100. Na'urar da ke maimaita sabis ba tare da waya ba takan rage gudu, kuma idan katangar ƙasa biyu suka shiga tsakani ba ta yin wani abin kirki. Kwamfutar da ba ta motsi, kamar ta rajistar jarrabawar JAMB, gara a haɗa ta da waya kai tsaye.

Wutar lantarki

Duk na'urar da aka zaɓa, da wuta take aiki. Rautar 4G tana cin kimanin wat 10, wato wat-awa 120 a yinin awa 12, abin da ƙaramin batir ko ƙaramar sola za su iya ɗauka. Farantin Starlink na gida yana cin tsakanin wat 50 zuwa 100. Idan aka ɗauki 75, awa 12 ta kama wat-awa 900, wanda ke buƙatar inbata da batir mai girma. A sa wannan a cikin lissafi tun kafin saye. Har ila yau, duk sandar da aka kafa a saman gini sai an yi mata wayar da ke kai tsawa ƙasa, domin aradun damina kan bi ta waya ta ƙona kayan shago. A lokacin hunturu a riƙa goge ƙura daga faifan sola da kafofin iskar na'urori.

Wace hanya ta dace da wa

Mai POS da mai kantin magani da mai sayar da hatsi ba sa cin data da yawa. Abin da suke buƙata shi ne kada sabis ya yanke ana tsakiyar cire kuɗi. Layi biyu na kamfanoni daban-daban sun fi musu amfani a kan layi ɗaya mai gudu. Tela da maɗinki da mai sayar da kaya ta hoto da bidiyo su duba gudun aikawa, domin kamfanoni sun fi tallata gudun saukewa. Shagon buga takardu da rajista mai kwamfuta biyar zuwa goma yana buƙatar rautar tebur mai eriyar waje ko eriyar kamfani, tare da layin ko-ta-kwana. Makaranta da asibiti da sakatariya su nemi yarjejeniya a rubuce.

Hikimar hanya biyu a bayyane take. A ƙarshen watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna saboda tsaro, har zuwa watan Nuwamba. A ranar 14 ga Maris, 2024 kuma wasu igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da layukan waya a Nijeriya suka shiga matsala na kwanaki.

Gwaji kafin saye

Gani ya kori ji. A ari na'ura ko a sayi ƙaramin data a layuka biyu ko uku, a gwada su a daidai wurin da za a yi aiki, da safe da azahar da bayan magariba, har tsawon mako guda, a rubuta sakamakon. Ana auna gudu da megabit a daƙiƙa. Megabit 8 shi ne megabait 1. A tambayi mai sayarwa ko na'urar tana karɓar kowane layi ko an kulle ta ga kamfani ɗaya. Idan an ce data “marar iyaka” ce, a tambayi adadin da in an kai shi ake rage gudu. A haɗa kuɗin na'ura da na wata goma sha biyu da na wuta kafin a kwatanta, tare da tuna cewa farashi na sauyawa: a watan Janairu na 2025 NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100. Araha ba ta ado. Ana duba ragowar data da *323# a kowane layi.

Tsaro da doka

A canza kalmar sirrin da rauta ta zo da ita a ranar da aka kafa ta, a kuma zaɓi kariyar WPA2 ko WPA3. Idan ana ba abokan ciniki Wi-Fi, a buɗe musu sashen baƙi daban da wanda POS da kwamfutar lissafi ke kai. Layin da ke cikin rauta ya kasance da sunan mai shago, haɗe da lambarsa ta NIN kamar yadda aka wajabta tun watan Disamba na 2020, domin duk abin da aka aikata da layi, mai shi za a fara nema. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa shagunan intanet yin rajista da ajiye littafin sunayen masu shiga, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ɗora wa mai karɓar bayanan jama'a nauyin tsare su. Sayar wa jama'a intanet a matsayin sana'a yana buƙatar lasisin NCC. Hukumar ta kuma yi gargaɗi a kan na'urorin ƙara ƙarfin sabis da ake sayarwa ba da izini ba, saboda suna dagula sabis ɗin maƙwabta.

Kafin a kafa doguwar sanda, a sanar da mai gida da mai unguwa, a kuma tuntuɓi hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA. Mai hawa soro ya nemi izinin maƙwabta tukuna, domin daga sama ana hango tsakar gidajen mutane. Kada a kafa komai a jikin ganuwa ko tsofaffin ƙofofi, kuma huda katangar ƙasa ba tare da toshe ramin da kyau ba yana buɗe wa ruwa hanya.

Idan an sami matsala

A fara kai koke ga kamfanin ta lambar 300, a karɓi lambar shaidar koken a ajiye. Idan ba a warware ba, a kira NCC kyauta ta 622. Ana kira ga masu unguwanni da dagatai da jami'an ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari da su taimaka wajen kare turakun sadarwa da igiyoyin faiba daga ɓarayi da masu haƙa, su kuma riƙa tattara sunayen unguwanni da ƙauyukan da sabis ke da rauni su miƙa wa hukuma a rubuce, domin koken jama'a da aka tsara ya fi na mutum ɗaya saurin samun amsa.