Allon da ba a wanke ba: tarihin wata ɓaraka a Linux

A watan Janairun 2003, Ofir Arkin da Josh Anderson na kamfanin @stake suka fallasa ɓarakar da aka laƙaba wa suna Etherleak. A ƙa'idar Ethernet, kayan cikin kowane ƙunshin saƙo ba sa gaza bayit 46. In sun gaza, sai a cike gurbin da sifili. Manhajojin sarrafa katin sadarwa da dama, har da na Linux, ba su bi wannan ba, sai suka riƙa cikewa da abin da suka tarar a ma'adanar kwamfuta. Kamar allon da ba a wanke ba, tsohon rubutu yana nan: guntun saƙon wani, wani lokaci har kalmar sirri, yana fita zuwa ga maƙwabcin da ya turo ɗan gajeren saƙo.

Irin wannan kuskure yana da wuyar kamawa, domin kwamfuta takan ci gaba da aiki lafiya lau. A 2009 aka saka kmemcheck don farautarsa, amma tsananin nauyinsa ya sa aka cire shi a sigar 4.15. Sai a Disambar 2022 KMSAN, aikin Alexander Potapenko na Google, ya shiga sigar 6.1. Yana bibiyar kowane gurbi, ya yi ƙararrawa idan an yi amfani da wanda ba a rubuta ba.

Wayar Android da ke hannun masunci a Shanga ko ɗan kasuwa a Yauri, a kan Linux take tafiya.