Hawan jini ga tsofaffi: abin da ke haddasa shi da yadda ake shawo kansa

Hawan jini na nufin ƙarfin da jini ke bugun bangon jijiyoyi ya zarce ƙima, ya kuma ɗore a haka. Ana auna shi da lamba biyu: ta sama tana nuna ƙarfin a lokacin da zuciya ta harba jini, ta ƙasa kuma a lokacin da ta huta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum na da hawan jini idan awonsa ya kai 140/90 ko ya haura a ranaku biyu daban-daban. A rahotonta na 2023, hukumar ta ce cutar na tare da mutum ɗaya cikin kowane manya uku a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna ɗauke da ita ba.

Me ya sa ya fi kama tsofaffi?

Jijiyoyin matashi suna da laushi, suna buɗewa su karɓi jini duk lokacin da zuciya ta buga. Yayin da shekaru ke ja, manyan jijiyoyin sukan yi tauri, sai zuciya ta ƙara ƙarfi kafin jini ya wuce. Shi ya sa ake yawan ganin dattijo lambarsa ta sama ta hau, ta ƙasa kuwa tana daidai. Wannan ma hawan jini ne, kuma yana buƙatar magani.

Ƙoda ma takan rage kuzari wajen fitar da gishiri, don haka gishirin da jiki ya saba jurewa a ƙuruciya kan zame masa nauyi a tsufa. Gado, ƙiba, rashin motsa jiki, barasa, ciwon suga da ciwon ƙoda duk suna ƙara haɗarin. Haka nan magungunan ciwon gaɓɓai irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda tsofaffi da dama ke saya a kemis ba tare da ganin likita ba, suna iya ɗaga jini su kuma raunana ƙoda.

Alamomi da illoli

Galibi hawan jini ba ya nuna alama, kuma rashin ciwon kai ba shaidar lafiya ba ne. Awo kaɗai ke bayyana shi. Idan aka bar shi, yakan jawo shanyewar ɓarin jiki, gazawar zuciya, lalacewar ƙoda, raunin gani da ruɗewar tunani. Duk wanda bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa suka mutu, ko maganarsa ta sarƙe, ko ya ji ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, a garzaya da shi asibiti nan take.

Magani

Ba a cika warkewa daga hawan jini gaba ɗaya ba, amma ana iya riƙe shi har tsawon rai. Matakin farko shi ne rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, wato bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba. A lissafin har da dunƙulen ɗanɗano, kanwa, kilishi, yajin tsire da abincin gwangwani. Daddawa, citta, tafarnuwa da albasa na ba miya armashi ba sai an cika gishiri ba. Ganyaye irin su zogale da alayyahu, da wake da 'ya'yan itatuwa suna taimakawa, sai dai mai ciwon ƙoda ya nemi shawarar likita tukuna. Tafiyar ƙafa ta minti 30 sau biyar a mako da barin taba suna da matuƙar amfani.

Mafi yawan masu cutar sai sun haɗa da ƙwaya, sau da yawa iri biyu. Wani bincike da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin da ke ɗauke da amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata fiye da haɗin perindopril da hydrochlorothiazide. Likita ne zai zaɓi wanda ya dace, kuma ga tsofaffi akan fara da kaɗan a ƙara sannu a hankali, domin saukar jini farat ɗaya na iya kawo jiri da faɗuwa. Yana da kyau dattijo ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe tsaye.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne daina shan magani da zarar awo ya dawo daidai, alhali maganin ne ya daidaita shi. Wanda ya ga kumburin ƙafa ko tari mara yankewa ya koma wa likita a sauya masa wani. Mai niyyar azumin Ramadan ya nemi a tsara masa lokutan sha tsakanin buɗa-baki da sahur, mai shan maganin gargajiya kuma ya sanar da likitansa.

Kowace ranar 17 ga watan Mayu ake bikin Ranar Hawan Jini ta Duniya. Ana iya yin awon a cibiyar lafiya ta matakin farko cikin 'yan mintuna, kuma iyalan da ke da hali za su iya ajiye na'urar a gida, su riƙa rubuta sakamakon domin nuna wa likita.