Malesiya: wuraren da ɗalibanmu ke zagayawa lokacin hutu, da dokokin da ke kan tafiyar

Sau da yawa iyaye kan ga hoton ɗansu a WhatsApp yana tsaye gaban wasu dogayen benaye biyu masu ƙyalli, sai hankali ya tashi: karatu aka tura shi ko yawo? Wanda ya saida bisashe a kasuwar Dakoro don kuɗin jirgi yana da haƙƙin wannan tambaya. Shi ya sa muka tattaro bayani kan ƙasar Malesiya, inda ƴaƴan Hausawa na Nijar da Najeriya ke zuwa karatun jami'a, da wuraren da ɗalibi kan zaga idan an yi hutu.

Ƙasar kanta

Malesiya tana kudu maso gabashin Asiya, kuma teku ya raba ta gida biyu: ɓangaren yamma da ke manne da Tailan, da jihohin Sabah da Sarawak a tsibirin Borneo. Nijar ta kusa ninka ta sau huɗu a faɗi, amma mutanenta sun kai wajen miliyan 34. Ta samu ƴancin kai daga Ingila ranar 31 ga Agusta 1957, aka haɗa tarayyar Malesiya a 1963. Musulunci ne addinin ƙasa, kusan kashi 63 cikin ɗari Musulmi ne, mazhabar Shafi'i suke bi, saura kuma akwai ƴan asalin Sin da Indiya masu bin addinin Buda da Hindu da Kirista. Sarautarsu ma abin kallo ce: sarakuna tara ne ke zaɓen ɗaya daga cikinsu ya yi sarkin ƙasa na shekara biyar, sannan ya sauka.

Agogonsu yana gaban namu da awa bakwai. In kun kira yaro bayan isha'i a nan, can asuba ta kusa, kada a ce ya ƙi ɗaukar waya. Kuɗinsu ringgit ne, guda ɗaya ya fi dala ashirin tamu. Babu jirgin da ke tashi daga Yamai kai tsaye, sai an canja a hanya, kamar Addis Ababa ko Istanbul.

Kuala Lumpur

Nan kowa ke farawa. Ma'anar sunan, mahaɗar ruwa mai laka, domin birnin ya tashi ne inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, kuma a daidai wurin akwai masallacin Jamek da aka buɗe a 1909. Benayen nan biyu na cikin hoto su ne tagwayen Petronas, na kamfanin man fetur na ƙasar: hawa 88, tsawo mita 452, kuma daga 1998 zuwa 2004 babu ginin da ya kai su a duniya. Tsayawa a gabansu a ɗau hoto ba ya cin ko dala. Hawa gadar da ta haɗa su a sama ne ake biya. To kun ga, hoton kaɗai bai isa hujjar almubazzaranci ba. Yanzu ma an gina wanda ya fi su, Merdeka 118, mai kusan mita 679, na biyu a duniya bayan Burj Khalifa na Dubai.

Ɗalibin da ke son abin da zai amfane shi ya nufi gidan adana kayan fasahar Musulunci da aka buɗe a 1998, kusa da babban masallacin ƙasa. Akwai tsofaffin Alƙur'anai na rubutun hannu. Malayawa suna da rubutun Jawi, wato harshensu da baƙaƙen Larabci, daidai da ajaminmu. Har sunayen ranaku kunne zai gane: Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu, Ahad.

A arewacin birnin, a yankin Gombak, jami'ar Musulunci ta ƙasa da ƙasa take, wadda aka kafa a 1983. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC na cikin masu ɗaukar nauyinta, kamar yadda take da hannu a jami'ar Musulunci ta Say. Ba nisa da nan akwai kogon Batu, wurin ibadar ƴan Hindu ne a cikin dutse, ana hawa matakala 272. Birai sun cika wurin, kuma sun iya fizgar leda daga hannun mutum.

Melaka

Daga tashar bas ta TBS, tafiyar wajen awa biyu ce, ta ɗan fi Dakoro zuwa Maraɗi. Ni a ganina wanda bai je Melaka ba bai san tarihin ƙasar ba. Wajen shekarar 1400 aka kafa daular, ta zama mashigar jiragen fatake na Larabawa da Indiya da Sin, kuma ta nan Musulunci ya yi ƙarfi a yankin, ta hanyar ciniki, kamar yadda fatake da malamai suka kawo shi Katsina da Kano. Turawan Fotugal suka ci garin a 1511, na Holan suka karɓe a 1641, na Ingila a 1824. Har yau ƙofar ganuwar Fotugal tana tsaye, ga jajayen gine-ginen Holan. UNESCO ta sa Melaka da George Town cikin wuraren tarihi na duniya a 2008.

Abin da ake gani ta tagar mota

A hanyar Melaka ko ta arewa, ido zai gaji da ganin itace iri ɗaya a jere, kilomita bayan kilomita. Kwakwar manja ce. Asalinta daga Afirka ta yamma take. Turawan Holan suka kai ƴan tsirai huɗu lambun Bogor na Indonesiya a 1848, aka buɗe gonar kasuwanci ta farko a Malesiya a 1917, a jihar Selangor. Labarin da ake yawan faɗi a majalisa, wai sai bayan ƴancin kai suka zo Najeriya suka ɗauki iri, bai yi daidai da waɗannan shekaru ba. Yau Malesiya ce ta biyu a duniya wajen manja, bayan Indonesiya, kuma man girkin da ke cikin jarkoki a kasuwanninmu, da yawansa daga waɗannan ƙasashe biyu ya fito. Ɗalibin aikin gona daga jihar da ta yi suna da gyaɗa, in ya ga yadda ake tace man a saida shi har Afirka, ya yi karatun da ba ya cikin aji.

Ruwan sama ne ya ba su wannan. Kuala Lumpur na samun sama da milimita 2,000 a shekara, alhali mu a nan wajen 400 ne ko ƙasa. Ba su da rani irin namu, ba hunturu, zafi ne mai gumi duk shekara. Mai neman sanyi sai ya hau tsaunukan Cameron, inda ake noman ganyen shayi tun 1929.

Arewa da gabas

Jirgin ƙasa mai lantarki na ETS yana kai mutum Butterworth cikin wajen awa huɗu, daga nan a tsallaka tsibirin Penang da jirgin ruwa, ko ta gada mai kilomita 13.5. Penang garin abinci ne. Gaba kuma jihar Kedah, inda jami'ar Utara take a Sintok da ta Albukhary a Alor Setar, sai tsibiran Langkawi. A Kedah da Kelantan da Terengganu hutun mako Juma'a da Asabar ne, kada a je ofis ranar Juma'a. Gaɓar gabas kuma, daga Nuwamba zuwa wajen Maris damina ce mai iska da ambaliya, masaukai da yawa na tsibirai suna rufewa.

Abinci

Shinkafa ce safe da dare. Nasi lemak shinkafa ce da aka dafa da ruwan kwakwa, da yaji da gyaɗa da ƙananan kifi. Satay kuwa tsire ne, sai dai maimakon ƙuli-ƙuli, miyar gyaɗa mai zaƙi ake tsomawa. Shagunan mamak na Musulmi ƴan asalin Indiya suna da araha, wasu ba su rufewa har safe. Ba kowane shago ne halal ba, a duba tambarin hukumar JAKIM. Akwai kuma durian, ɗan itace mai ƙaya da wari, har otel-otel ke hana shiga da shi.

Dokokin da ba a wasa da su

Nan ne abin da ya kamata iyaye su fi tambaya. Ɗalibi yana zaune ne da izinin karatu da ke cikin fasfonsa, wanda makaranta ke nema ta hukumar EMGS. Tun kafin a tashi daga Nijar ana buƙatar katin allurar shawara. Izinin yana da ranar ƙarewa, a fara sabunta shi da wuri, domin wuce wa'adi laifi ne mai kai ga tara ko tsarewa ko kora. Lokacin da fasfo ke hannun hukuma don sabuntawa, a haƙura da doguwar tafiya.

Sabah da Sarawak, duk da ƙasa ɗaya ce, suna da nasu binciken shige da fice, sai da fasfo. Izinin Malesiya kuma bai buɗe ƙofar Tailan ko Singafo ko Indonesiya ba, kowace da sharuɗɗanta, a bincika kafin a sayi tikiti.

Aiki ma da iyaka: awa 20 a mako, lokacin hutu kawai, a wurare kamar gidan abinci ko gidan mai ko otel, kuma sai da amincewar hukuma. Duk dillalin da ya ce yaro zai yi aiki ya biya kuɗin makarantarsa da kansa, a yi hattara da shi.

Sai maganar saƙo. Mu nan an saba, mai tafiya a ba shi ƙunshi ya kai wa wani. A Malesiya safarar miyagun ƙwayoyi na iya kai mutum ga hukuncin kisa. A 2023 an soke tilasta wa alƙali yanke shi, amma hukuncin yana nan cikin doka. Kada a karɓi jakar da ba a buɗe an ga cikinta ba, ko ta ɗan gari ce.

Ta fannin lafiya, zazzaɓin denge da sauro ke kawowa ya fi zazzaɓin cizon sauro da muka sani yawa a biranensu, kuma sauron da rana yake cizo. Motoci ta hannun hagu suke bi, saboda haka mai tsallaka titi ya fara duba dama. Lambar neman agajin gaggawa 999 ce.