Bindiga Mai Baki Biyu da Itacen Ƙotarta

A farkon ƙarni na 19, birnin Landan ya yi suna wajen ƙera bindigar harbin tsuntsaye mai baki biyu, wadda bututunta biyu ke kwance kafaɗa da kafaɗa. Uban maƙeran wannan zamani shi ne Joseph Manton. A maƙerarsa James Purdey ya yi aiki, kafin ya buɗe tasa cikin 1814. A lokacin nan ta baki ake ɗura bindiga, kamar adaka. Sai cikin 1851 aka nuna wata ta Lefaucheux, mutumin Faransa, a babban baje kolin Landan, wadda ake karyawa a tsaka a sa harsashi ta gindi. Cikin 1875 kuma Anson da Deeley na Birmingham suka ɓoye kayan kunama cikin cikin bindigar. Tun daga nan siffarta ba ta sāke ba ƙwarai.

To, ƙarfe ya sha sauye-sauye, amma itacen ƙota, wato katakon da maharbi ke kafawa a kafaɗa, bai sāke ba. Itacen nan shi Turawa ke kira walnat. Ba shi da nauyi ainun, ba ya tsagewa don bugun bindiga, in kuwa ya bushe sosai ba ya karkacewa. Mutanen Ingila sun daɗe suna dogara ga na Faransa. Cikin 1709 wani matsanancin sanyi ya kashe itatuwan walnat masu yawa a Turai, har Faransa ta hana fitar da katakon cikin 1720. Yaƙin Duniya na Farko kuma ya cinye da yawa wajen ƙotar bindigogin soja. Daga baya maƙera suka juya ga ƙasar Turkiyya da duwatsun Kaukasus.

Attajirin da ya zo sayen bindiga, sai a fara gwada shi kamar mai ɗinkin riga. Akan auna tsawon hannunsa, da faɗin ƙirjinsa, da inda kumatunsa ke sauka bisa katako. Dalili kuwa, mai harbin tsuntsu a sama ba shi da sukunin saiti. Inda idonsa ya duba, nan bindiga za ta duba, in ƙota ta dace da jikinsa. In ba ta dace ba, kome kyaun ƙarfen, harbi ya tafi iska.

Sa'an nan a shimfiɗa masa katakai waɗanda suka shekara da shekaru suna bushewa. Nan ne ido kan yaudari mai saye. Katakon da aka yanko daga gindin itace, kusa da saiwa, yana da zane baƙi-baƙi mai murɗewa kamar hayaƙi, shi ya fi tsada. Amma gwanin maƙeri ba can yake fara dubawa ba. Yakan duba wuyan ƙota, inda hannu ke riƙewa, gama nan ta fi siranta, nan kuma take karyewa. Lalle jijiyar itacen ta miƙe sak a wurin, ado kuwa ya tsaya can baya inda katako ke da kauri.

Bayan an sassaƙa, akan yi ta shafa mai da tafin hannu makonni da yawa, har zanen ya fito. Shi ya sa akan ga bindigar da aka ƙera zamanin Sarauniya Biktoriya a hannun tattaɓa-kunnen mai ita, ƙotarta ba ko tsaga.