Daga Mahalbi zuwa Jagora: Tarihin Raƙuman Dawa na Kure

Duk ɗan Arewa da ya taso daga Gesheme ko Dogon Dutsi ya nufi Yamai, sai ya ratsa Kure, kimanin kilomita 60 kafin babban birni. A nan ne raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suka samu mafaka.

A farkon ƙarni na 20, wannan dabba tana yawo tun daga Sanagal har zuwa tafkin Cadi. Bindiga ta fara rage ta, sharar gonaki ta cinye dajinta, sannan fari na 1973 da na 1984 suka kore ta daga makiyayarta ta dā. Abin da ya saura ya tattaru tsakanin tudun Kure da kwarin Dallol Boso: da damina suna kan tudu, da rani su gangara kwari cin ganyen gawo. A shekara ta 1996, ƙidaya ta nuna guda 49 kaɗai suka rage. A wannan shekarar ce kuma aka tura sojoji su kamo wasu domin kyauta ga shugabannin ƙasashe maƙwabta, da dama suka mutu wajen kamun.

Daga nan aka farga. Dokar farauta ta 1998 ta ƙarfafa kariyar namun daji, amma doka ba ta tsare daji ita kaɗai. Manomin da raƙumin dawa ya cinye masa wake ko mangwaro, me zai sa ya ƙyale shi? Amsar ta fito daga ƙauyukan da kansu. Matasa suka kafa ƙungiyar jagorori: baƙo ya biya, jagora ya shiga motarsa, ya bi sawu da kashi da karyayyen reshe har ya kai shi gaban garke. Ƙungiyoyin agaji kuma suka kawo rijiyoyi da ƙananan basussuka, don talaka ya ga amfanin dabbar tana raye. Ilimin da mahalban dā suke kashe nama da shi, shi ne ya koma abin ciyar da iyali ba tare da zubar da jini ba. Kafin 2019 adadin ya haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas aka kai gandun Gadabeji a jahar Maraɗi.

Sai ranar 9 ga Agusta 2020, ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban jagororin. Baƙi suka ɗauke ƙafa, sana'ar ta durƙushe.

A nan kuskurenmu ya bayyana: mun gina kariyar dabbarmu bisa aljihun baƙo. Mu da muke zaune bakin Dallol Mauri mun san yadda daji yake ƙarewa. Dattawanmu suna ambaton namun da jikokinsu ba su taɓa gani ba sai a littafi. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su rubuta abin da tsofaffin mahalba da jagorori suka sani, sunayen itatuwa da sawun dabbobi, da Hausa da Zabarmanci, su kai shi aji. In hanya ta yi lafiya, ɗalibanmu su zama baƙin farko da jagoran Kure zai tarba.