Bautar da Ta Sauya Riga da Idon Jami'in Ƙwadago

A shekarar 1901 gwamnatin Lugga ta shelanta cewa duk wanda aka haifa a Arewacin Nijeriya daga ranar 1 ga Afrilu ɗa ne, ba bawa ba, sannan a 1936 aka soke bauta baki ɗaya. A wancan zamani gane bawa ba ya bukatar wani horo, domin kasuwar bayi a fili take ci, mari kuwa a ƙafa yake. Da doka ta rushe kasuwar, sai cinikin ya sauya riga, ya koma cikin alkawarin aiki da bashi da albashin da ba ya isa hannun mai shi.

Ita kanta hukuma ba ta tsira daga wannan laifi ba. Tsakanin 1942 da 1944, Turawan mulkin mallaka sun tilasta wa dubban talakawa haƙar kuza a Jos saboda Yaƙin Duniya na Biyu, alhali tun 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniyar yaƙi da aikin tilas. Yawan lebura ake ƙirgawa a lokacin, ba a tambayar yardarsu.

Sauyi ya fara ne da Yarjejeniya ta 81 ta shekarar 1947, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1960. Ita ce ta ba jami'in duba ƙwadago ikon shiga duk wurin aikin da ke ƙarƙashin kulawarsa, dare ko rana, ba tare da sanarwa ba. Sai dai an daɗe ana koya masa duba injina da awannin aiki kawai, ana barin fataucin mutane ga 'yan sanda.

Yarjejeniyar Palermo ta 2000 ta fayyace cewa safarar mutane ta ƙunshi ɗibar mutum ta hanyar yaudara ko tilas domin a ci da guminsa, ko da bai tsallaka iyakar ƙasa ba. Daga nan Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003, ta sabunta dokarta a 2015. A Nijar kuwa, bayan Kotun ECOWAS ta hukunta a 2008 cewa gwamnati ta gaza kare Hadijatou Mani daga bauta, ƙasar ta zama ta farko a duniya da ta amince da ƙarin yarjejeniyar aikin tilas ta 2014, wadda ta wajabta ƙarfafa sashen duba ƙwadago.

Jigon horon yau shi ne alamomi goma sha ɗaya da Ƙungiyar Ƙwadago ta wallafa a 2012. Daga cikinsu akwai ƙwace fasfo, riƙe albashi, bashin da ba ya ƙarewa, hana fita da kuma barazana. Ana koya wa jami'i ya gana da ma'aikaci a keɓe, nesa da ubangidansa, kuma idan alamun suka haɗu ya miƙa batun ga hukumar da ke da ikon bincike, kada ya sasanta shi kamar rikicin albashi. Haka nan dole ya kiyaye kada rahotonsa ya sa a kama baƙon da aka zalunta saboda rashin takarda.

Har yanzu da sauran aiki. Yarinyar da dillaliya ta ɗauko daga ƙauye ta kai aikatau birni, tana karɓe kuɗinta duk wata, a cikin gida take, inda ƙafar jami'in ba ta cika shiga ba. Fiye da shekara tamanin ke nan da doka ta 'yanta ta a takarda, amma 'yancin ba zai isa gare ta ba sai an sami idon da ya san abin da yake kallo.